Daga Dama Na Fara

A Gujungu, ranar kasuwa,
Ladidi ta ƙunso mini ƙosai a wata takarda,
mai ya ratsa ta har ana hango rana ta ciki.
Na cinye a rumfar 'yan tattasai,
zan yar da ita ke nan, sai na ga ana kallona:
wani ƙato mai faɗin ƙirji, baki a wangame,
kumfa ta fito masa, da rubutu a cikinta.

An yanka shafin fangali-fangali
kamar gonata ta rani a bakin fadama.
Ido ke bi tamkar ruwa,
in ya cika wannan, ya ɓalle ya faɗa wancan.
Ban yi boko ba, ajami na iya,
amma gudu ba ya neman wasali,
tsoro a fuska ba shi da yare.

To, ni daga dama na fara, yadda aka koya mini.
Sai ga rusasshen gini ya miƙe tsaye,
na kwance cikin jini ya tashi ya kaɗe rigarsa,
ɓarawo ya kawo jaka ya danƙa wa mai ita.
Na ce, kai, garin nan akwai tsoron Allah.

Da dare na nuna wa Tabawa, 'yar ƙanena, 'yar aji biyar.
Ta yi dariya har fitila ta kusa kifewa.
"Baffa, ai ta hagu ake shiga."
Ta kama yatsana ta ja ni,
gini ya zube, mai riga ya mutu, ɓarawo ya sha.
Na ce nawa ya fi daɗi.
Ta ce nata ne gaskiya.
Na kwana ina son jin wa ya kashe shi.

Kasuwa ta zagayo, na nemi Mati mai tsofaffin littattafai,
yana tsakanin mai maganin ɓera da mai gyaran tocila.
Ya zaro ɗaya, bango duk ya sha hannu.
"Wannan na goma sha bakwai ne."
Ina na farko? "Sai Kano, can ma sai an dace."
Na sha takwas fa? Ya watsa hannu.
Ashe baƙo nake a wajen rabon gado,
kowa na kuka, ni ban san mamacin ba.

Kuɗinsa kwano biyu na gero.
Maganarsu Turanci zalla.
Na duba, na duba: ba rijiya, ba rumbu,
ko akuya ɗaya ba ta gifta ba.
Cindo dillali ya leƙo ta kafaɗata:
"Da furfurarka kake kallon 'yartsana?"
'Yan rumfa suka kwashe da dariya.
Na ajiye.
Na kai bakin tasha, na dawo, na sake ɗagawa,
na sake ajiyewa.

Takardar ƙosan dai tana ƙarƙashin tabarmata,
kiyashi sun ci rabin fuskar ƙaton.

Shekaranjiya Tabawa ta farke kwalin sabulu,
ta ja layi da biro, fangali shida.
Ta zana injin ban-ruwana da aka sace bara,
ta zana ni, da hular da ta fi kaina,
ta zana wani a guje, ƙafa ba ta taɓa ƙasa.
Kumfar ta bar mini fayau.
"Baffa, sa abin da ka ce ran nan."
Na ce ba ya rubutuwa, akwai yara.
Na dai sa rabinsa da ajami.

Yanzu kwalin na yawo gida-gida,
har Cindo ya aiko a ara masa, wai na jikansa ne.
'Yan makaranta ta hagu suke shiga,
su ga an sace inji, su yi mini jaje.
Ni kuwa in ya dawo hannuna bayan isha'i
daga dama nake farawa,
in ga mutumin ya sauke shi a bakin ruwa,
ya ja da baya, ya ja da baya,
har ya fice daga kwalin.